Tsallaken Gada

Littattafan tafiya da muka gada cikin Hausa kusan dukkansu nesa suka dosa. Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bauta yana ƙarami, ya bi Bajamushe Heinrich Barth suka ratsa hamada har birnin Landan a 1855, kuma labarin da ya bayar da bakinsa shi J. F. Schön ya buga cikin Magana Hausa a 1885. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, cikin ayarin editocin jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ma ya leƙa Turai ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Daga irin waɗannan muka ɗauki mudun da muke auna matafiyi da shi, har ya zama in an ce wane ya ga duniya, hatimin da ke cikin fasfonsa ake nufi: Jidda, Alƙahira, Dubai, Sin. Ban raina wannan ba. Amma na san 'yan kasuwar da suka sha zuwa Dubai, suka sauka masaukin da 'yan garinsu ke sauka, suka ci tuwon da wata Bahaushiya ke sayarwa a can, suka yi ciniki ta bakin tafinta, suka dawo da kwantena cike da kaya, tunaninsu kuwa yadda ya tafi haka ya dawo. Na kuma san wata tafiya a cikin garin Kaduna wadda ba ta kai rabin sa'a a mota ba in babu cunkoso, amma in mutum ya yi ta da zuciya ɗaya sai ta girgiza masa abubuwa da yawa da ya ɗauka haka kowa ke yin su tun fil'azal.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Ka shiga bas a bakin Kasuwar Gumi, inda yaran mota ke kiran "Sabo! Kakuri! Barnawa!", ka wuce filin wasa na Ahmadu Bello, ka hau gada. Ƙarƙashinka ga Kogin Kaduna, da rani duwatsunsa a fili, da damina jajawur ya cika ya batse. Kana sauka ka iso shataletalen Tasha, daga nan gari ya rarrabu: Barnawa da Narayi, Makera da Kakuri, Nasarawa da Tirkaniya da Kudenda, Unguwar Television, Unguwar Sunday, Sabon Tasha, Unguwar Boro, Romi, har Gonin Gora a bakin hanyar Abuja. Mutanen arewacin gari kan dunƙule duk wannan su ce "tsallaken gada", kuma akwai yadda ake faɗinsa, da ɗan sassauta murya, wanda ke nuna ba ruwa kaɗai ake nufi an tsallake ba.

Matafiya ne suka gina wannan ɓangare na gari, a kan ƙasar Gbagyi. Kafin Turawa su tashi hedikwatar Arewa daga Zungeru su dawo da ita Kaduna a 1917, ƙauyukan Gbagyi ne warwatse a bakin kogin suna nomansu. Gwamna da sakatariya da unguwar Turawa suka zauna a arewa, babbar tashar jirgin ƙasa kuwa, Kaduna Junction, a kudu take. A nan ne layin dogon da ya taso daga Fatakwal, ya biyo ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, ya haɗu da na Ikko zuwa Kano a 1927. Jirgin ya yi ta sauke mutane: Ibo ma'aikacin reluwe, Bayarabe akawu ko tela, Tibi da Idoma masu neman aikin soja ko na lebura, da samarin Kagoro da Kwoi da Zonkwa da suka yi makarantar mishan. Daga baya masana'antu suka zo suka ninka abin. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Cikin shekarun 1960 Nortex ta biyo baya, da Arewa Textiles mai hannun Japanawa, da UNTL ta Sinawan Hong Kong. Aka kafa kamfanin ƙera makamai na DICON a 1964, Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai ta buɗe a kan hanyar Kachia a 1980.

Masu lissafin tattalin arziki kan ƙirga yadin da aka saƙa da albashin da aka biya. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman da masaƙun nan suka tilasta wa mutane. Jiniya na kaɗawa, dubban ma'aikata su fito, dubbai su shiga, kekuna su cika titi. Bakatsine da Bajju da ɗan Auchi suna tsaye gaban injin guda na sa'a takwas, cikin ƙarar da ba a jin magana sai da hannu, kowa ransa na hannun ɗan'uwansa, don in wani ya yi sakaci wani ne zai rasa yatsa. Adams Oshiomhole, wanda ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa sannan gwamnan Edo, a masaƙar Arewa ya fara. In an tashi aiki kuma sai gidan haya: ɗaki-ɗaki a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Babu wanda ya shirya taron fahimtar juna. Matar Bahaushe ta san ranar da maƙwabciyarta ke zuwa koyon waƙa a coci don ita ke riƙe mata yaro. Matar Ibo ta san ƙarfe nawa ake shan ruwa da azumi don ita ake ba aron turmi ta dawo da shi kafin la'asar. Da Sallah a zaga da nama, da Kirsimeti a zaga da shinkafa da cincin. An yi faɗa, an yi gulma, an yi gorin ƙabila a bakin famfo, ba aljanna ba ce. Amma yaron da ya tashi a irin wannan gida ya ga ƙasashe biyar kafin ya shiga aji ɗaya, bai kuwa taɓa hawa mota ba.

Abu biyu suka karya wannan zama, kusan a lokaci guda. Na farko rikici. Ranar 21 ga Fabrairun 2000 zanga-zangar adawa da shirin kawo shari'ar Musulunci a jihar ta rikiɗe ta zama kashe-kashe, aka sake yi a watan Mayu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta aƙalla mutum 2,000 suka mutu. Aka sake a Nuwamban 2002 kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, aka kuma sake a Afrilun 2011 bayan zaɓe. Kowane karo sai an ga akori-kura ɗauke da katifu da tukwane suna haye gada, wasu sun nufi arewa, wasu sun nufi kudu. Mutane suka sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu suka yi musaya, gida da gida, da wanda ke gudu daga inda su za su. Har aka riƙa yi wa ɓangarorin biyu laƙabi da Makka da Urushalima. Na biyu mutuwar masaƙu: rashin wuta, tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri suka durƙusar da su, Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya da aiki a 2007. Wurin da ake haɗuwa dole ya rufe a daidai lokacin da tsoro ya hana haɗuwar ganin dama. Rabuwar ba ta zama tsaf ba. Har yau akwai Kakuri Hausa kusa da Kakuri Gwari, akwai masallatan Juma'a a Makera da Nasarawa, Barnawa kuma ta riƙe cakuɗarta. Duk da haka yaran da aka haifa bayan 2000 yanzu sun zama iyaye, kuma da yawansu, a kowane gefen kogi, ba su taɓa cin abinci a gidan mai wani addini ba. Abin da suka sani game da tsallake, ji suka yi, daga bakin wanda ya gudo.

A nan ya kamata mu Hausawa mu dubi wata ɗabi'a tamu, wadda ta girmi Kaduna nesa ba kusa ba. Bahaushe ba baƙon tafiya ba ne. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin madugu zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fata kasuwar Salaga su dawo da goro. Alhazan ƙafa sun bi ta Barno da Wadai da Darfur, wasu suka shekara goma a hanya, wasu suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu har jikokinsu na can yau. Abin da ya riƙe wannan tafiya duka shi ne zango. Duk inda ayari ya yada, a Kumasi ko Ankara ko Sabon Ibadan da aka keɓe wa Hausawa a 1916, sai an sami fatoma mai saukar baƙi, da liman, da mahauci, da wanzami, da sarkin zango mai raba gardama. Hikima ce babba. Ita ta tsare addini da amana, ita ta sa ake ba da bashin shanu da goro tsakanin garuruwan da ke da nisan wata guda ba tare da takarda ba. Sai dai tana da farashi. Mun iya tafiya irin ta kunkuru, gidanmu na bayanmu, ko'ina muka ji motsi mu shige ciki. Mutum zai shekara arba'in a Ibadan, ya san farashin komai, ya san sunan kowane ɗan sanda, amma bai taɓa zama cikin gidan Bayarabe ya ga yadda ake raɗa wa jariri suna ba. Ya ga gari, bai ga mutanen gari ba. Karin maganar da ke cewa na zaune bai ga gari ba gaskiya ce, amma akwai na tafe da shi ma bai gani ba.

To me mutum zai gani in ya tsallaka, ya kuma yarda ya fito daga zango?

Kafin ido, kunne ne ke fara aiki. Ka bi wani lungu a Sabon Tasha ko Romi da safiyar Lahadi, za ka ji Hausa tana fitowa ta tagogin majami'u, na ECWA da Baptis da Katolika da HEKAN, wadda sunanta ma Hausa ne: Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya. Dalilin a tarihi yake. Kudancin jihar Kaduna da Filato ƙasa ce mai harsuna barkatai, wani lokaci tafiyar wuni ɗaya ta ratsa da kai harshe uku, sai 'yan mishan suka riƙi Hausa, wadda kasuwa da mulkin En'e suka riga suka yaɗa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya daɗe yana wa hidima. Tun daga nan zuriya bayan zuriya suka yi addu'a da Hausa, suka yi kuka da ita a bakin kabari, suka tsawata wa 'ya'yansu da ita.

Kalmomin namu ne, amma sun yi wata rayuwa da ba mu da labarinta. A wurinmu sujada ita ce goshi ya taɓa ƙasa. A can sujada ita ce taron ibadar gaba ɗaya, har a ce sujadar Hausa ƙarfe kaza, ta Turanci ƙarfe kaza. Baiko a gidanmu maganar aure ce, a can shi ne abin da ake sakawa cikin kwando don Allah. Suna fid da zakka, ɗaya bisa goma na abin da suka samu. Suna da dattawan ikilisiya, da masu bishara, da Zumuntar Mata masu anko, waɗanda ke buga tulu suna waƙa da wata irin murya da ko ba ka bin addinin sai tsigar jikinka ta tashi. Wadda ta fi taɓa ni ita ce almajiri. A arewacin gada kalmar ta sha wahala, har ta kai in an faɗe ta yaro ake gani da roba a hannu da tsumma a jiki, mun kuma saba da ganinsa har ba ya hana mu barci. A kudancin gada almajirai su ne Bitrus da Yohanna da Yaƙub, mutanen da suka bar sana'arsu suka bi malaminsu. Can kalmar tana nan da rawaninta. Bahaushe Musulmi da ya ji ta a bakin fasto, dole ya tuna cewa haka take a wurinmu ma tun asali, cewa manyan malaman da muke taƙama da su da wannan suna suka yi yawon neman ilimi, kuma mu ne muka bari ta zube.

Na san akwai waɗanda ransu ke ɓaci in suka ji Kirista ya ce "in Allah ya yarda" ko "Ubangiji ya kiyaye", kamar an ɗauki kayan gidansu ba izini. Ba na tare da su. Harshe na wanda ya yi mafarki da shi ne. Matar da sunanta Alheri, 'yarta Godiya, mijinta Ɗanladi, surukarta Talatu, wadda ba ta da wani harshen da za ta yi wa jikanta wasa da shi sai wannan, ba aro take yi ba. Gaskiya ne Hausar tsallake ba ta damu da lanƙwasar ƙ da ɗ ba, takan kuma ce "matata ya zo". Mukan yi dariya, mu kira abin gwaranci. A tsaya a dubi wannan kalma da kyau. Sunan mutanen da suka ba mu masauki a bakin kogin nan muka ɗauka muka mai da shi sunan rashin iya magana, muka mai da "bagware" sunan wanda bai waye ba. Waɗannan su ne mutanen Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta ke bayan takardar naira 20. Su ne mutanen da matansu ke ɗaukar kaya a kafaɗa, ba a ka ba, don a ganinsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa itace. Wanda ya zauna da su ya ji wannan bayani daga bakinsu, harshensa zai yi nauyi in ya zo faɗin waccan kalma.

Haka sauran sunaye. Mun tashi muna cewa Kataf, Kaje, Jaba, Kadara, Kagoro, Gwari. Masu sunan suna cewa Atyap, Bajju, Ham, Adara, Agworok, Gbagyi. Wani zai ce ai duk ɗaya ne, suna linzami ne kawai. Amma linzami a hannun wa? Sunayen da muka saba da su sun zo ne ta bakin fatake da hakimai da masu karɓar haraji, wasu kuma tun zamanin da ake kai hari ƙasashen nan ana kamo bayi, kuma jikokin waɗanda aka kai wa harin ba su manta ba ko da mu mun manta. Sunan Zangon Kataf kaɗai ya ishi mai tunani: zangon fatake ne a tsakiyar ƙasar Atyap, aka yi ɗaruruwan shekaru ana ciniki ana gaisawa, amma da maganar tashin kasuwa ta taso a 1992 sai jini ya kwarara, ya kuma malalo har cikin garin Kaduna. An zauna kusa, ba a san zuciyar juna ba. Su ma can suna da nasu kalmomin da suke jifanmu da su, kuma mai shayin da aka kira "aboki" da wata irin murya ya san ba abota ake nufi ba. Kowane gefe ya san ciwon wadda aka jefe shi da ita, bai san nauyin wadda ya jefa ba, sai ranar da ya zauna a tabarmar wanda ta sama.

Ta'aziyya ce ta fi koya mini wannan. Mahaifin wani abokin aikina ya rasu a Narayi, muka je gaisuwa. Gawa tana ɗakin ajiya na asibiti, ana jiran 'ya'yan da ke Legas da Fatakwal su iso, sannan a sa ta cikin akwati a kai ƙauye a binne kusa da kakanni. An kafa rumfa, mata da maza zaune wuri ɗaya, ana waƙoƙi, ana tashi ɗaya bayan ɗaya ana faɗin halin mamacin. Ni da na tashi inda ake wanka, a sa likkafani, a yi salla, a kai makwanci kafin rana ta faɗi, jinkirin ya yi mini nauyi a zuciya. Da muka keɓe na faɗa wa abokina haka, cikin ladabi. Ya ce, "Malam, mu kuma abin da ke ba mu mamaki ke nan a wurinku. Yaya za a rufe uba alhali ɗansa na kan hanya, bai gan shi ba, bai yi masa sallama ba?" Ban canza aƙidata ba, har gobe na fi samun natsuwa da gaggauta jana'iza, su ma kuma a cikinsu akwai masu kukan yawan kuɗin da biki irin wannan ke ci. Amma tun daga ranar na san cewa abin da nake gani girmama mamaci ne, wani na iya ganinsa rashin tausayin mai rai, kuma shi ma daga ƙauna tambayarsa ta fito. Da aka kawo abinci, uwar gidan ta lura na ɗan dakata. Ta ce, "Ɗana, ci abincinka. Musulmi muka kira ya yanka, tukunyar ma daban ce." Tsohuwar al'ada ce a gidajen Kiristoci da yawa a Kaduna, su kai akuyar Kirsimeti ko ta biki wurin mahauci Musulmi don maƙwabta su iya ci. Wato sun daɗe da sanin dokokinmu suna kiyaye su. Nawa ne daga cikinmu suka san abin da Kirista ke bari a kwana arba'in na azuminsa kafin Ista, ko abin da bai kamata a yi masa tayi ba?

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da aka gani a tsallake abin koyi ne. Akwai gidajen burkutu, akwai masu naman alade, kuma ba wanda ya ce sai Musulmi ya kusance su kafin a ce ya waye. Mai gidan kirki ma ba zai yi maka tayinsu ba. Akwai zaman banza da ƙwaya a tsakanin samarin da iyayensu suka rasa aikin masaƙa, daidai da yadda suke a Rigasa da Tudun Wada. Abin da tafiya ke yi shi ne ta raba maka abin da addininka ya ɗora maka da abin da sabo kawai ya ɗora maka, biyun da suka cakuɗe tun kana goye har ba ka iya bambance su. Ka shiga gidan da babu zaure, matar gida ce ta tare ka a falo ta zauna ana hira da ita, ka ga kuma 'yarta ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ka. Sai ka gane kunya ba kama ɗaya gare ta ba. Ka ci faten acca, ka ji yadda ake maganar cittar Kachia da Kwoi kamar yadda Bakano ke maganar gyaɗa a da, ka ga yadda gari ke yoyewa a watan Disamba, tashar Television ta cika da masu tafiya gida, wasu don bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. Waɗannan mutane ma suna da garin da suke kewa, su ma ci-rani ya kawo kakanninsu. A garin da kusan kowa jirgi ko babbar mota ta sauke kakansa, gardamar wane ne baƙo wane ne ɗan ƙasa ta ci rayuka fiye da yadda hankali zai ɗauka.

An yi ƙoƙarin gyara, kuma bai kamata a raina shi ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yaƙi juna a 1992, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, ɗaya ya rasa hannunsa, sun haɗu a 1995 suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai, kuma da hannunsu a yarjejeniyar zaman lafiya da malaman addinan biyu suka sa wa hannu a Agustan 2002, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Wata uku bayan haka gari ya sake kamawa da wuta, wanda ya nuna takarda ba ta isa ba. A Sabon Tasha, Fasto Yohanna Buru ya shekara da shekaru yana karɓar Musulmi a cocinsa ranar Kirsimeti, shi ma yana zuwa Mauludi. Ina girmama wannan ƙwarai. Sai dai ziyarar shekara-shekara, da 'yan jarida a gefe, ba za ta maye gurbin famfo ɗaya da igiyar shanya ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni tsoro yau shi ne dillalin gidan haya, a kowane gefen kogi, wanda kafin ya tambaye ka ɗaki nawa kake so sai ya tambayi sunanka, in sunan bai fayyace ba, kamar Yakubu ko Dauda ko Musa, ya ƙara da wata tambayar.

Waɗanda suka riƙe hanyar a buɗe ba masu taro ba ne. Mai nama ne da mai kayan miya da mai gyaran takalmi da ɗan acaɓa, waɗanda ke hayewa kudu kowace safiya don a can cinikinsu yake. Da nas da malamar makaranta da makanike da ma'aikacin sakatariya da ke hayewa arewa. Majinyaci ma ba ya tambayar gefen kogi: asibitin St. Gerard da na Gwamna Awan a Kakuri, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, suna karɓar mai hula da mai sarƙar gicciye a benci ɗaya. Jirgin ƙasa kuma ya sake shiga maganar ta wata fuska. Tsohuwar tasha a kudu take, shekara da shekaru ɗan Unguwar Sarki da zai je Ikko sai ya tsallaka. Da aka buɗe sabon layin Abuja a Yulin 2016, sai aka sa tasharsa a Rigasa, unguwar da yawancin 'yan Sabo da Romi ba su santa ba sai a labarin rikici. Yanzu dole su bi ta cikinta, su ga kasuwa ce da makarantu da masu shayi da yara masu zuwa Islamiyya, su zauna a kujerar da lambar tikiti ta ba su kusa da wanda Allah ya haɗa su da shi. Daren 28 ga Maris 2022, da 'yan bindiga suka tare jirgin a kusa da Katari, ba su tambayi kowa gefen da yake kwana ba. Sun kashe, sun kwashi mutane zuwa daji, Musulmi da Kirista. Iyalansu tare suka riƙa taruwa suna roƙon gwamnati, wata da watanni, har aka sako rukunin ƙarshe a watan Oktoba. A Disamba jirgin ya koma aiki, kuma har yau ɗan Sabon Tasha da zai hau shi sai ya ratsa Rigasa.